RANAR DA MATAN SOJA SUKA TARE ƘOFAR BARIKI

Duk wanda ya zauna Ibeto ko da na shekara guda ne ya san ƙasar nan tamu ƙasar soja ce. A Kontagora hedkwatar rundunar igwa ta sojan Nijeriya take, can kuma akwai cibiyar horar da soja. In ka haura Zuru, da wuya ka shiga unguwar da ba ta ba da ɗa ga aikin soja ba. Mu ma da fatauci ko noma ya kawo iyayenmu nan, akwai gidajenmu da dama da ke da ɗa ko suruki ko ƙane cikin kaki. Saboda haka tambayar da za mu duba yau ta shafe mu: in an ce za a tura mijin mace ko ɗan mutum bakin daga, shin iyalinsa suna da bakin magana, ko kuwa nasu addu'a ce kawai da jiran saƙo? Shi kuma wanda ya je ya dawo, in ya ga ɓarna a yaƙin, ya faɗa ko ya yi shiru?

Tarihi yana da amsa. Sau da yawa mutanen da aka ce su yi shiru, watau matan soja da iyayensu da 'yan mazan jiya, su ne suka riga kowa faɗin gaskiyar yaƙi, sai daga baya manya su zo su maimaita abin da suka faɗa.

Asalin abin

Tun farko aikin sojan zamani a ƙasar nan da Hausawa ya soma. A 1863 ne wani hafsan Ingilishi mai suna John Glover ya haɗa 'yar ƙaramar runduna a Legas, aka riƙa kiranta Hausawan Glover. Daga wannan tushe ne rundunar Nijeriya ta yau ke lissafin shekarunta. Har bayan Yaƙin Duniya na Biyu Hausa ce harshen bariki, ko Bazabarme ne ko Badakkare ko Batibi, da ita ake ba shi umarni.

A yaƙin nan na biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Ingilishi suka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma a 1943, suka kwashe su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa ƙasar Bama. Ba Bama ta Borno ba, waccan ta Asiya da yanzu ake kira Myanmar. Can suka gwabza da Japanawa cikin dazuzzukan Kaladan da Arakan. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi har yau suna nan a jikin barikokinmu: Myohaung da Arakan a Legas, Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan. Da suka dawo, marigayi Malam Sa'adu Zungur ya yi musu waƙar nan tasa mai suna Maraba da Soja.

An yi maraba, amma maraba ba ta cika tumbi. Da yawansu sun dawo da tsammanin aiki da fansho mai kauri, suka tarar da akasin haka. A nan ne soja baƙar fata ya fara buɗe baki.

Ran 1 ga Disamba 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi, har suka sha zaman fursuna a hannun Jamus, suka ce ba za su tafi gida ba sai an biya su kuɗinsu da aka riƙe. Aka buɗe musu wuta. Faransa ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da yawa suka ce sun fi haka nesa. Sai a 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa cewa kisan gilla ne.

Ran 28 ga Fabrairu 1948 kuma, a birnin Akra na Gwalkwas, watau Gana ta yau, tsofaffin soja suka yi jerin gwano ba makami, za su kai wa Gwamna takardar koke a fadarsa ta Christiansborg. Wani Baturen ɗan sanda mai suna Imray ya harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Gari ya hargitse, aka kama Kwame Nkrumah da 'yan uwansa biyar, aka kafa hukumar bincike, daga nan tafiya ta miƙe har Gana ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957. Mai karatu ya lura: takardar neman fansho ce ta girgiza mulkin Turawa.

Daga yaƙin basasa zuwa Akure

Yaƙin basasar Nijeriya, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, ya kumbura rundunar soja daga mutum kamar 10,000 zuwa kamar 250,000. Gidaje da yawa a Arewa sun ba da 'ya'yansu, wasu ba su dawo ba. Don tunawa da ƙarshen wannan yaƙi ne aka mai da ranar 'yan mazan jiya 15 ga Janairu. A lokacin, mulkin soja ake yi, kuka kuwa a cikin ɗaki ake yinsa. Haka aka yi a zamanin ECOMOG, tun daga 1990 da aka tura yaranmu Laberiya, daga baya Saliyo.

Da mulkin farar hula ya dawo sai murya ta fara fitowa. A Yuli 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya suka tare hanya a Akure, suna neman alawus ɗinsu da ya maƙale. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta zuwa shekara bakwai. Darasin da bariki ya ɗauka a fili yake: mai kaki in ya yi zanga-zanga, sunanta bore, ko da kuwa haƙƙinsa yake nema. To, in mai kaki ba shi da baki, wa zai yi magana? Amsar ta zo daga Maiduguri.

Maiduguri, 2014

Shekarar 2014 ita ce mafi muni a yaƙin Boko Haram. Ran 14 ga Maris 'yan ƙungiyar suka afka wa barikin Giwa a cikin Maiduguri. Ran 14 ga Afrilu da dare suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok. Ran 14 ga Mayu aka kawo gawarwakin wasu sojoji da aka yi wa kwanton ɓauna barikin Maimalari, hedkwatar runduna ta 7. Da 'yan uwansu suka gani, sai wasu suka harbi motar kwamandan rundunar, Manjo Janar Ahmadu Mohammed. Allah Ya kiyaye, bai ji ciwo ba.

Ran 6 ga Agusta garin Gwoza ya faɗa hannun Boko Haram. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba sojojin barikin Giwa umarni su shirya, za a je ƙwato Gwoza. Nan ne abin da ba a saba gani ba ya faru. Matansu suka fito da 'ya'yansu, suka tare ƙofar bariki, suka cinna wa tayoyi wuta, suka hana motoci fita. Kamfanin dillancin labarai na Faransa ya ƙiyasta mata kamar 300 da yara kamar 500, kuma sun yi kwana biyu a wurin. Abin da suka gaya wa 'yan jarida bai da tsawo. Sun ce mazansu na zuwa da tsofaffin bindigogi da harsashi ƙidayayye da motocin da ke mutuwa a hanya, su tarar da abokan gaba da manyan makamai. Sun ce sun gaji da binne mazaje. Sun ce a ba su kayan yaƙi, sa'an nan a tura su.

Jama'a, a duba da kyau. Matan nan ba su ce a bar wa Boko Haram Gwoza ba. Su ma a Maiduguri suke kwana, wata biyar kafin nan harsashi ya yi ta shawagi a kan ɗakunansu. Abin da suka ƙi shi ne a aika mutum farautar zaki da sandar kiwo.

Manyan soja ba su ji daɗi ba. Hafsan hafsoshin sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Kenneth Minimah, ya yi kashedin cewa in aka sake, za a fitar da matan daga bariki, ya kuma tuna wa sojoji cewa hukuncin bore kisa ne. Kuma ba wasa yake ba. A Satumba 2014 kotun soja a Abuja ta yanke wa mutum 12 hukuncin kisa a kan abin da ya faru a Maimalari. A Disamba ta yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci saboda ƙin fita ƙwato Delwa da Bulabulin da Damboa. Lauyansu Femi Falana ya tsaya a kan cewa yaran nan makami suka nema, ba gudu suka yi ba. Ban da waɗannan, an kori dubbai daga aiki.

Kada mu yi wa hukumar soja rashin adalci. Rundunar da kowane farabiti zai zaɓi umarnin da zai bi ba runduna ba ce, taron 'yan kasuwa ce. Ɗaga bindiga a kan kwamanda kuwa laifi ne a kowace ƙasa ta duniya. Amma ladabi hanya biyu gare shi. Soja ya yi rantsuwa zai je inda aka tura shi, ƙasa kuma ta ɗauki nauyin ba shi abin da zai kare kansa. In ɗaya ya warware, da wuya ɗayan ya tsaya. Ita kuwa matar soja ba ta yi wa kowa rantsuwar yin shiru ba.

Gaskiya ta yi halinta

Ba a daɗe ba abubuwa suka fara fitowa. A ƙarshen Agusta 2014 sojojinmu kamar 480 suka tsallaka Kamaru bayan faɗa a yankin Gamboru Ngala. A Satumba Bama ta Borno ta faɗi. A watan nan ne kuma hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 a cikin wani jirgin sama da ya taso daga Nijeriya, aka ce na sayen makamai ne. A ƙarshen Oktoba Mubi ta faɗi, a farkon Janairu 2015 Baga ta bi.

Sai aka ɗaga zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris 2015. Cikin makonnin nan shida sababbin tankoki da motocin sulke suka iso, sojojin Chadi da Nijar da Kamaru suka matsa ta nasu ɓangaren. Rundunar nan da ake cewa ta cika da matsorata ita ce ta ƙwato Bama a tsakiyar Maris, ta shiga Gwoza ran 27 ga Maris. Mutanen ba su sake ba, abin da ke hannunsu ne ya sake.

A ƙarshen Yuli 2015, a bikin sallamarsa daga aiki, tsohon babban hafsan tsaro Alex Badeh ya faɗa da bakinsa cewa rundunar da ya shugabanta ba ta da isassun kayan aiki. Abin da matan Giwa suka faɗa a gaban tayoyi masu cin wuta ke nan, shekara guda kafin shi. A Agusta gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa kwamitin binciken sayen makamai. A Disamba aka kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da kuɗi kimanin dala biliyan 2.1. Ya musanta zargin, aka kuma sake shi daga tsare a Disamba 2019. A ɗaya ɓangaren, a Satumba 2015 hukumar soja ta mai da korarrun sojoji 3,032 bakin aiki, a Disamba kuma ta mai da hukuncin kisan mutum 66 ɗaurin shekara goma. Ba wanda ya koma ƙofar Giwa ya ce wa matan nan sannu, amma kowane mataki daga cikin waɗannan shaida ne gare su.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

Maƙwabtanmu na Mali sun riga mu ganin irin wannan. A Janairu 2012 aka karkashe sojojinsu da dama a Aguelhok bayan harsashi ya ƙare musu. A farkon Fabrairu matan soja da uwayensu suka taso daga barikin Kati zuwa Bamako, suka tsare shugaba Amadou Toumani Touré da tambayoyi ido da ido. An saurare su, amma ba a ga canji ba. Ran 22 ga Maris ƙananan hafsoshi ƙarƙashin Kyaftin Amadou Sanogo suka kifar da gwamnati, cikin kwana goma Kidal da Gao da Tumbuktu suka suɓuce. Kukan da aka raina a bakin mata sai ya dawo ta bakin bindiga, ƙasa kuma ta fi shan wuya.

A Amurka kuwa abin ya wuce neman makami, ya kai ga cewa yaƙin kansa bai kamata ba. A 1967 wasu tsofaffin soja shida suka kafa ƙungiyar 'yan mazan jiyan Biyetnam masu adawa da yaƙin. A Afrilu 1971 suka taru a Washington, ɗaruruwansu suka jefar da lambobin yabonsu a gaban majalisar dokoki, ɗaya daga cikinsu, John Kerry, ya ba da shaida gaban kwamitin majalisar dattawa. A Janairu 1973 aka sa hannu a yarjejeniyar Paris, Amurka ta janye. Ta yi asarar mutum fiye da 58,000. Shi Kerry daga baya ya zama sanata, ya kuma zama sakataren harkokin waje.

Da aka mamaye Iraƙi a 2003 sai iyaye suka karɓa. Wata mata, Cindy Sheehan, wadda aka kashe ɗanta Casey a Bagadaza a Afrilu 2004, ta kafa tanti kusa da gonar shugaba George Bush a Crawford ta jihar Texas a Agusta 2005, ta ce sai ya fito ya gaya mata dalilin mutuwar ɗanta. A Ingila, Reg Keys, wanda ɗansa Tom ya mutu a Iraƙi a Yuni 2003, ya tsaya takara da firayim minista Tony Blair a mazaɓarsa ta Sedgefield a 2005, ya sami ƙuri'a fiye da 4,000. Bai ci ba, amma iyalai irin nasa sun yi ta matsawa har aka kafa hukumar bincike. A Yuli 2016 rahoton Chilcot ya ce Ingila ta shiga yaƙin tun ba a ƙure hanyoyin sulhu ba. Sojojinta 179 ne suka mutu a can.

Akwai bambanci tsakanin nasu da namu, kuma ya kamata a gane shi. Su yaƙinsu a ƙasar wasu ake yinsa, don haka suna iya cewa a dawo da yaranmu gida. Mu namu a gida yake, in an janye ina za a koma? Shi ya sa kukanmu ya zama na makami da abinci da alawus da hutu da haƙƙin mamaci. Amma tushen ɗaya ne. Ɗan siyasa in ya soki yaƙi a ce adawa ce, ɗan jarida a ce neman suna ne. Uwar da ta binne ɗanta fa, ko sajen da ya bar ƙafarsa a daji, me za a ce da su? Wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu nan gida

Lokacin abin Giwa, mu a nan muna jin labarin ne a rediyo kamar na wata duniya. Yanzu ba haka ba ne. A 2021 aka kwashe ɗalibai a Kagara a Fabrairu, a Islamiyyar Tegina a Mayu, a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni. A Agusta 2023 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a yankin Zungeru, jirgi mai saukar ungulu da ya je kwaso waɗanda suka ji rauni ya faɗi a ƙasar Shiroro. Hedkwatar tsaro ta ce duka-duka mutum 36 aka rasa. Kowannensu akwai gidan da aka shimfiɗa tabarmar makoki dominsa. Kazalika a 2024 da 2025 an ga tsofaffin soja, wasu da sanda, sun tare ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu, kamar dai na Akra a 1948, sai dai alhamdu lillahi ba a harbi kowa ba.

To, me ya rage gare mu? Na farko, in matar soja ko tsohon soja ya yi kuka, kada mu yi saurin cewa rashin kishin ƙasa ne ko rashin tawakkali. Tawakkali bayan an ɗaure raƙumi ne. Na biyu, haƙƙin sojan da ya rasu a bakin aiki yana bin takarda ne, musamman sunan magajin da ya rubuta. Ya kamata kowane gida mai ɗa a soja ya san wa aka rubuta, ya kuma adana lambar aikinsa, domin gwauruwa da yawa a nan suke tuntuɓe. Masu ilimin boko a cikinmu su taimaka wajen rubuta takarda da bin sawu, ƙungiyar 'yan mazan jiya ma ƙofa ce da za a ƙwanƙwasa. Na uku, muna da wakilai a majalisar jiha a Minna da ta tarayya a Abuja, waɗanda ta hannunsu kasafin tsaro ke wucewa. In sun zo neman ƙuri'a a tambaye su ina kuɗin ya shiga. Koke ta hanyar doka shi ne maganin bore. Na huɗu, tsofaffin da suka yi yaƙin basasa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yaranmu 'yan makaranta su je su zauna da su, su rubuta abin da suka gani tun suna da sauran numfashi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka faɗi a bakin daga, Ya raya marayunsu, Ya ba matansu haƙuri da mataimaka. Waɗanda ke daji yanzu Allah Ya dawo mana da su lafiya, Ya ba shugabanninmu kunnen jin kukan na ƙasa tun bai zama gobara ba. Amin.